Hannun Maharazu a Kantin Ba-Taya

Maharazu ma'auni ne, ɗan ma'auni. Rumfarsa tana 'yar kasuwar bakin Ƙofar Mazugal, gidansa kuma yana gindin Goron Dutse, inda aka haife shi. Shekara talatin da ɗoriya yana zaune kan buzu ɗaya, gero a damansa, dawa a hagunsa, wake da shinkafa a baya, mudu a cinya. In ya auna maka, sai mudun ya yi tozo har hatsi na gangarowa ta gefe, ya juye maka a ƙwarya, sannan ya cusa hannu a buhu ya damƙo ya watsa a kai. Wannan damƙin na ƙarshe shi ne gyara. Kowane ma'auni yana yi, amma na wasu in ka gani sai dariya ta kama ka, ɗan tsakure da yatsu uku kamar mai sa gishiri a miya. Na Maharazu kuwa hannu cike ne, ga shi Allah ya ba shi tafin hannu mai faɗin gaske.

Kada ka ɗauka kyauta ce ta yi masa yawa. Ina! Mutumin da goro ɗaya kan kai shi har la'asar? Tsoro ne kawai. Tun yana ƙarami ubansa ya gaya masa cewa babu ma'aunin da zai dafa Alƙur'ani ya ce bai taɓa tauye wa wani ƙwaya ba, ko don mudu ya lotsa, ko don hannu ya karkata, ko don hankali ya tafi wani wuri. Gyara ce take wanke wannan, don kada a tashe ka gobe ƙiyama da haƙƙin mutanen da ko fuskarsu ba ka tunawa. Maharazu ya riƙe maganar nan da gaske. Tun yana yi da niyya har hannun ya koya, ya zama ko hira yake yi da wani, hannun zai je ya dawo da kansa.

A cikin masu saye a wurinsa babu wadda ta daɗe kamar 'Yardada, wata tsohuwa mai koko a lungunsu, wadda tun zamanin ubansa take zuwa rumfar. Kullum da hantsi za ta zo da ƙwaryarta ta sayi mudu biyu na gero. Mudu biyun na sana'a ne. Gyarar kuwa ba ta yarda ta haɗu da su, sai ta tara gefen mayafinta a zuba mata a nan, ta ƙulle. Da ita take dama kunun da za ta sha da yamma. Ta kan ce abin da aka ba ka daban yake a baki da abin da ka saya.

To, labarin Kantin Ba-Taya kuwa, kowa a Kano ya san shi, kowa da yadda yake faɗa. Mai shi wani ne Tanko, wanda a shekarar 1951 tebur ɗaya gare shi a Fagge. Yana zuwa tashar jirgin ƙasa ya sayi kwalayen sabulu da ashana da kyandir waɗanda suka lotse a wagunu, masu kaya sun ƙi karɓa, ya samu a arha ya sayar a arha. Tanko mai in'ina ne, ciniki azaba ne a wurinsa. Kafin ya gama cewa albarka, mai saye ya gaji ya yi gaba. Sai ya samo allo ya sa aka rubuta kuɗin kowane abu, da ajami da boko, ya jingine a gaban tebur. Ka biya abin da ke allo ka ɗauka, ko ka wuce. Ba ka tayawa, shi ma ba ya cewa albarka. Mutane suka yi ta yi masa tsiya, suka sa wa teburin suna Ba-Taya, suna tsiyar suna saye, don kullum kayansa sun fi na kowa sauƙi da kwabo ɗaya ko biyu.

Tebur ya zama shago. Shago ya haifi wani a Sabon Gari. Tanko ya je Makka ya dawo Alhaji, ya bi layin dogo ya buɗe a Nguru da Gusau da Zariya, kowanne fenti kore, kowanne da allonsa a bakin ƙofa. Sai ya sayi manyan motoci, su ma kore, a nan ne kuma abin ya taɓa su Maharazu. Da kaka ta yi, motocin suka riƙa shiga ƙauyuka har masussuka, suna kwashe tsaba tun ba a ɗora wa jaki mangala ba. Ƙauyawan da suka saba kawo wa Maharazu hatsi suna kwana a zaurensa suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Wa zai kori jaki kwana biyu alhali ga mota a bakin gona?

A ƙarshen daminar 1956 aka buɗe na shida, na farko a cikin ganuwa, dab da Ƙofar Mazugal. Ginin siminti, rufin kwano. Daga kan buzunsa Maharazu yana hango ƙofar.

Ma'auna suka yi dariya a makon farko. Suka ce wane ɗan Kano ne zai sayi hatsi bai ɗebo ya tauna ba, bai taya ba, bai ce a ƙara masa gyara ba? Dariyar ba ta yi wata biyu ba. Mutane suna son Maharazu, wannan ba ƙarya, amma kwabo kwabo ne. Sai ka ga wanda ya shekara ashirin yana awo a wurinsa ya bi ta bayan rumfuna, ya sunkuyar da kai, ya shige kanti, ya fito yana ɓoye ƙunshi cikin riga. Ni ban ga laifinsu ba, mai iyali bai da zaɓi. Amma wallahi da sun riƙa bi ta gabansa suna sallama da ya fi sauƙi a zuciya. Maƙwabcinsa na rumfa, Kolo, ya tattara ya koma Nguru wurin danginsa, ya isa ya tarar da koren kantin yana jiransa a can ma.

Maharazu ya yi ta maza har shekara ta kusa zagayowa. Yana saye da tsada, yana sayarwa ba riba, hannun kuma bai fasa gyara ba. A gida baki biyar ne: shi, da matarsa Lauratu, da 'yarsu Hasana wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, da 'yan matan Hasana ƙanana biyu. Aka sayar da jaki. Aka sayar da babbar rigar da yake zuwa Idi da ita. Ranar da Lauratu ta kai tasoshin jerenta wurin dillaliya ba ta gaya masa ba, bango ya gani fayau ya gane. Da azumi ya wuce ya naɗe buzunsa, ya ɗauko buhun gero ɗaya da ya rage ya kawo gida, ya bar rumfar. Ya yi sati uku a zaure, ba ya fita sai masallaci.

A nan Isyaku ya same shi. Isyaku shi ne manajan kantin Ƙofar Mazugal, ɗan unguwa ne, ya yi makarantar Midil, yana ɗaure da agogo, amma bai manta tarbiyya ba. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaida shi. Ya ce Alhaji yana neman mutumin da za a sa a sashen hatsi, wanda tsofaffin unguwa suka sani suka yarda da shi, don har yanzu akwai masu tsoron shiga kanti. Albashi duk wata, ba fashi. Maharazu ya ji kamar ya ce a'a. Daga cikin gida ya jiyo ƙaramar jikarsa tana tambayar uwarta ko yau za a ɗora tukunya, sai ya ce to.

"Sai dai abu ɗaya, Baba," in ji Isyaku. "A can sikeli ne, ba mudu ba. Inda allura ta tsaya, nan aka tsaya. Babu gyara, ko ƙwaya ɗaya. Dokar Alhaji ce a duk kantunansa, ya kori mutum biyu a Zariya a kanta."

Maharazu ya ce ya ji.

Sikelin wani abu ne fari mai kwano a sama da fuska kamar ta agogo. Ka zuba hatsi allura ta tashi, laba ɗaya, laba biyu, in ta kai inda aka ce ka tsaya. Aikin da yaron goye ma zai iya. Rana ta farko da ta biyu lafiya lau, don a tsorace yake, idonsa na kan hannunsa. A rana ta uku wani tsohon abokin cinikinsa ya zo, suka shiga gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar nan taka. Maharazu ya juye masa dawa a jaka yana amsawa. Bai san lokacin da hannun ya shiga buhu ya fito ba. Sai da ya ga mutumin ya washe baki yana godiya, sannan ya gane abin da ya yi.

Isyaku ya gani. Bai yi magana a gaban mutane ba, sai da aka tashi ya ja shi gefe. Ya ce shi ya san ba da gangan ba ne, amma Baba ya duba: arhar kantin nan ba daga sama take faɗowa ba, daga irin wannan damƙin da ba a bayarwa take fitowa. In aka ba mutum ɗaya, gobe mutum ɗari za su tsaya suna jira. Maharazu ya gaya masa maganar ubansa, ta haƙƙin da ake tauyewa ba a sani ba. Isyaku ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ai wannan zancen mudu ne, sikeli ba ya lotsewa, ba ya karkata, ba ya tunanin gida, don haka babu abin wankewa. Ya ce wannan ta wuce, amma a kiyaye.

Maharazu bai yarda da sikelin ba, gaskiyar magana ke nan. Wa ya ga cikinsa? Wa ya san wanda ya ƙera shi, ko mai tsoron Allah ne? Ya je wurin limamin unguwa ya tambaya. Liman ya ce in awo ya cika daidai an sauke nauyi, gyara alheri ce, ba farilla ba. Magana ce mai kyau, kuma Maharazu ya san haka take. Amma duk wanda ya juya ya fita da hatsi ba gyara, sai ya ji kamar ya sallami baƙo bai ba shi ruwa ba.

Ya gwada dabaru. Ya riƙe carbi a hannun dama yana aiki da hagu, hatsi ya riƙa zubewa ƙasa. Ya daina amsa doguwar gaisuwa don kada hankalinsa ya tafi, mutane suka fara cewa albashi ya sa masa girman kai. Daga ƙarshe ya faɗa wa dabarar da shi a ganinsa babu mai kushe ta. Tunda hatsin Alhaji ne ba a so a taɓa, to, zai kawo nasa. Kullum da safe ya cika aljihun rigarsa da gero daga buhun nan na gida, in wani tsoho ko wata mai ƙaramin ƙarfi ta zo, ya faki ido ya damƙo ya jefa mata a ƙwarya. Kai, kwana goman nan ya yi barci mai daɗi. Lauratu ce ta fara lura buhu yana sauka fiye da tuwon da take tuƙawa. Da ya gaya mata, sai ta ce ita dai ta san abincin 'ya'yan Hasana ne yake rabawa a kanti mai motoci goma. Ya ce ba za ta gane ba. Ta ce ƙwarai, ba ta gane ba.

Abin da bai sani ba, ran Asabar ɗin ƙarshen wata ana laluben ma'aikata a bakin ƙofa in an tashi. Ranar ba a yi ciniki sosai ba, aljihun bai ƙare ba. Maigadi ya shafa gefen rigarsa, ya tsaya, ya cusa hannu, ya fito da gero. Ana tsaye ana kallo, akawu da masu dako da mata biyu da suka makara suna ɗaure kayansu. Ma'aunin da duk Mazugal ta san shi da cika hannu, yau ga shi an zaro hatsi daga aljihunsa a ƙofar kantin hatsi. Wani cikin masu dako ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, Maharazu ya ji ta har cikin ƙashinsa.

Isyaku ya karɓi geron ya murza a tafin hannu, ya shinshina. Tsohon gero ne na bara waccan, ya yi duhu, na kanti kuwa sabo ne fari. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce wannan ba na kanti ba ne, kowa ya kama gabansa. Amma magana in ta fita ta fita. Kafin sallar magariba an kai ta Goron Dutse, kuma rabin da aka kai shi ne an kama Maharazu da gero a aljihu.

A ofis Isyaku ya zauna ya dafe kai. Ya ce da ma ya yi ta mamakin abin da ya sa tsofaffi suke ƙin matsawa daga gaban sikeli, suna tsaye suna kallon hannun Baba. Ya ce ko na gida ne ko na kanti, duk ɗaya ne a wurin Alhaji, don mai saye bai san bambanci ba, abin da ya sani shi ne an ba wancan, shi ba a ba shi ba.

"Baba, ni na kawo ka, ni na tsaya maka. Na rufe ta farko, zan rufe wannan. Ta uku ba ta hannuna. In ka tafi, ni ma ina bayanka."

Washegari aka ba shi rigar kaki irin ta ma'aikata, wadda ba ta da aljihu ko ɗaya. Ya sa ta a zaure, don kunyar Lauratu ta gan shi a ciki.

Duk wannan abin da ake yi 'Yardada ba ta taɓa taka kantin ba. Tun da ya rufe rumfa take jan ƙafa har kasuwar Kurmi wurin wani ma'auni, wai ita ba ta shiga ɗakin da ake sayar da abinci ba a zaune ba. Amma ƙafa ta gaza, Kurmi ta yi mata nisa. Sai ga ta wata Laraba da hantsi, da ƙwaryarta da sandarta, ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar mai shiga masallaci. Kuma a duk ranakun Allah, ranar ce Alhaji Tanko ya zo zagayen kanti. Yana tsaye wajen sabulai da farar riga, ɗan siririn mutum, ba ya magana, ido kawai. Isyaku na gefensa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Ta hango Maharazu ta saki fuska. Ta gaishe shi gaisuwa ta sosai, ta tambayi Lauratu, ta tambayi Hasana da 'yan mata, ta ce rigar nan ba ta yi masa kyau ba ko kaɗan. Ta ce ta ji abin da ake faɗa a unguwa, ta kuwa gaya musu wanda ya ce Maharazu ɓarawo ne bakinsa zai ruɓe. Layi ya fara taruwa a bayanta. Ta ce a ba ta mudu biyu kamar kullum. Ya ce nan laba ake yi, amma ya san daidai nata.

Ya ɗebo ya zuba a kwanon sikeli. Sai geron ya zubo da yawa, allura ta wuce inda ya kamata da ɗan kaɗan. Abin bai kai rabin damƙi ba. Da zai ɗauke kwanon ya juye mata haka nan, zai iya cewa kuskure ne, wataƙila ma babu mai lura. Ya ɗaga ido. Alhaji ba shi yake kallo ba, allurar yake kallo. Maharazu ya tuna tukunyar gida, ya tuna bangon Lauratu. Ya sa hannu a kwanon ya tsakuro ya mayar buhu. Allura ta ja baya, amma har yanzu ta ɗan wuce. Ya sake tsakurowa ya mayar. Ta tsaya cak. Ya juye mata a ƙwarya.

'Yardada ta ajiye ƙwaryar a kan teburin awo, ta kama gefen mayafinta da hannu biyu ta tara. Tana murmushi, tana jira.

"Maharazu, ba ka gama ba."

"Na gama, Inna."

Ta dube shi, ta dubi hannunsa da ya danne a kan teburin da ɗaya hannun. Ta daɗe a haka, mayafin a tare, har wani a layi ya yi tsaki. Sannan ta saki mayafin a hankali ta gyara lulluɓinta.

"Ba komai," in ji ta. "Da ma cewa na yi bari in zo in gan ka."

Ta biya wurin akawu, aka miƙo mata canjin da ba ta zata ba, ta karɓa ba ta duba ba. Ta ɗauki ƙwaryarta, ta tsaya a bakin ƙofa tana laluben takalmi da ƙafa, ta tafi. Maharazu ya ce na gaba ya matso.

Kafin Alhaji ya shiga mota ya zo gaban sikeli. Ya daɗe yana kokawa da kalmar kafin ta fito, ya ce madalla, irin wannan hannun yake nema. Da yamma Isyaku ya zo yana ta murna, ya ga fuskar Maharazu, sai ya koma lallashi. Ya ce Baba ya kwantar da hankalinsa, tsohuwar ba ta yi asara ba, canjin da aka ba ta zai sayi abin da ya fi gyarar yawa. Gaskiya ya faɗa, ko anini bai ƙara ba. Maharazu ya ce haka ne, ya je bayan kanti wajen tulin buhuna ya zauna, ya yi kukan da rabonsa da shi tun mutuwar ubansa.

'Yardada ba ta sake zuwa ba. Maƙwabciyarta ce take sayo mata. Maharazu ya yi niyyar zuwa gidanta ya fi sau goma, da ƙullin gero a hannu, amma me zai ce? Gyara a bakin awo ake yin ta. In ka bi mutum da ita har gida ta zama sadaka, 'Yardada kuwa ba ta taɓa karɓar sadaka ba. Sai ya canza hanya, ya riƙa zagayawa ta bayan masallaci don kada ya bi ta gaban tukunyar kokonta.

Aiki kuwa ya zauna daram. Daga ranar nan hannun bai sake kuskure ba. Ya ƙware har ya zama in ya ɗebo sau ɗaya allura za ta tsaya a kan layi, in ma ta wuce, yatsunsa sun cire kafin mai saye ya ƙifta ido. Alhaji bai manta da shi ba. Da aka buɗe na Katsina da na Jos, aka riƙa turo sababbin masu awo su yi sati a gefensa suna koyo, yawancinsu tsofaffin ma'auna ne irinsa waɗanda rumfunansu suka mutu. Ya kan gane su tun daga ƙofa, hannun dama na lilo yana neman buhu. Shi yake gaya musu su danne shi da na hagu, wata ɗaya zuwa biyu zai daina. A shekarar 1958 kantuna sun kai goma sha ɗaya, an rushe rumfunan 'yar kasuwar Mazugal an yi wa motoci wurin tsayawa. Aka ƙara masa albashi. Tukunya ba ta sake kwana a kife ba, 'yan matan Hasana suka yi kumatu, Lauratu ta sayo tasa huɗu ta jera. Masu saye suka daina yi masa doguwar gaisuwa, shi ma ya daina jira. Ba ya jin daɗi, ba ya jin zafi, sai dai in ya idar da salla ya kan daɗe a zaune bai roƙi komai ba.

Wata safiya, kafin ya fita, Lauratu ta kawo ƙwarya ya auna mata na tuwon ranar, don ko da wadata ta dawo, buhu a ɗakinsa yake, shi yake fitar da awo kamar kowane maigida. Hasana na tsakar gida tana wanke wa ƙaramar fuska. Ya kwance bakin buhu, ya cika mudu, ya shafe bakinsa da gefen hannu, ya juye. Ya sake cikawa, ya shafe, ya juye. Ya dubi ƙwaryar, sai yatsunsa suka shiga suka tsakuro kaɗan suka mayar buhu. Ya fara ɗaure bakin buhun.

"Malam," in ji Lauratu, murya ƙasa-ƙasa don kada Hasana ta ji. "Nan gida ne fa."

Bai gane ba da farko. Ya dubi fuskarta, ya dubi ramin da yatsunsa suka bari a kan geron, sannan ya gane. Tun yaushe yake yin haka? Ya tambaye ta. Ta ce ya kwana biyu, ta dai yi shiru ne tana zaton zai lura.

Ya sake kwance igiyar da sauri ya cusa hannu cikin buhun har wuyan hannu. Ya tsaya a haka, gero a tsakanin yatsunsa, yana jira hannun ya damƙo da kansa kamar da. Hannun yana nan kwance, sai abin da ya umarce shi. Lauratu ta ɗan jira, ta ce ya bari kawai, wannan ma zai isa, rana tana yi. Ta ɗauki ƙwaryar ta fita.

Ya ji ta zuba a turmi ta fara surfe. Ya zaro hannunsa ya karkaɗe ƙwayoyin da suka maƙale masa, suka koma cikin buhun, ya ɗaure. Ya ɗauki rigar kakinsa ya fita zaure ya sa, don ƙarfe bakwai ake buɗe kanti.